Uhtred na Bebbanburg: Ta Ina Za a Kama Littattafan Bernard Cornwell Guda 13?

Ni dai ta tsakiya na faɗa cikin labarin nan, kuma na ji a jikina. Wata ranar Asabar ce na tsaya wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafan Turanci, irin waɗanda ake baje su a kan leda a bakin titi, ƙura ta yi musu kwalliya. A cikin tarin na zaro wani da bangonsa ya ɗan yage, an rubuta Sword Song, sunan marubucin Bernard Cornwell. Na tambayi mai kayan ko yana da ci gaba, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan cikakke ne, shi kaɗai ne." Na biya na yi gaba.

Ban ci shafi hamsin ba na gane cewa gidan biki na shiga ba gayyata: kowa ya san kowa, ni kaɗai ke rarraba ido. Mai ba da labarin, wani mayaƙi wai shi Uhtred, yana yi wa Sarki Alfred yaƙi amma ko kaɗan jininsu bai haɗu ba. Yana rataye da gudumar gunki Thor a wuya kamar laya, irin ta 'yan Denmak, amma 'yan Denmak ɗin yake sara. Kowane lokaci sai ya ambaci wani gari Bebbanburg da aka ƙwace masa, ban san wa ya ƙwace ba, ban san yaushe ba. Ashe littafi na 4 na ɗauko a cikin jerin 13. To tunda daga na gaba ake gane zurfin ruwa, bari in rage wa na baya wahala.

A fara da The Last Kingdom, wanda ya fito a 2004. Amsar ke nan a taƙaice. Sai dai tambayar tana da 'yan'uwa da ke ɓoye a bayanta, kuma su ne suka fi rikita mutane: shin wanda ya kalli fim ɗin talabijin da aka yi daga littattafan zai iya tsallake na farkon? Waɗanne littattafan Cornwell ne ba sa cikin jerin duk da sunayensu sun yi kama? Kuma idan mutum ba shi da ƙarfin littafi 13, a ina zai tsaya ba tare da an bar shi a rataye ba?

Akwai dalilin da ya sa masu karatun Cornwell suka saba da gardamar "ta ina za a fara". Tun kafin Uhtred, ya yi suna ne da labarin wani sojan Birtaniya mai suna Sharpe, na zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, kuma wancan jerin a hargitse ya rubuta shi. Sharpe's Eagle ya fito a 1981 yana ba da labarin 1809, sannan a 1997 ya koma baya ya rubuta Sharpe's Tiger a kan abin da ya faru a Indiya a 1799. A can gardamar tana da tushe: a bi shekarar bugawa ko a bi shekarar labari? A wajen Uhtred babu wannan matsalar. Yadda aka buga su haka labarin yake tafiya, daga 866 har 937, shekara 71 ke nan a bakin mutum ɗaya, tun yana yaron da bai wuce shekara goma ba har ya zama tsoho mai kusan 80.

Kafin a shiga, yana da kyau a san filin. A wancan zamani babu wata ƙasa mai suna Ingila. Masarautu huɗu ne manya na Saksonawa, wato kakannin Turawan Ingila, da danginsu: Northumbria a arewa, Mercia a tsakiya, East Anglia a gabas, Wessex a kudu. A 865 wata babbar runduna ta 'yan Denmak, waɗanda fina-finai suka sa aka fi sani da Vikings, ta sauka a East Anglia. Da can hari suke kawowa su kwashi ganima su koma jirgi, wannan karon kuwa zama suka zo yi. Suka ci birnin York a 866, suka kashe Sarki Edmund na East Anglia a 869, suka kori sarkin Mercia a 874 har ya ƙare a Rum. Wessex kaɗai ta rage, kuma daga nan littafin farko ya samo sunansa, wato masarauta ta ƙarshe. Wanda ke kan gadon Wessex tun 871 shi ne Alfred, saurayi mai yawan ciwon ciki, mai son karatu da ibada, wanda a ido ba za ka ce zai iya tare kowa ba.

A cikin wannan tarihi na gaske Cornwell ya dasa mutum na ƙage. Kuma ba haka kawai ya zaɓo sunan ba. Shi kansa riƙo aka ba da shi yana jariri, ya tashi a Essex a hannun iyali 'yan wata ɗariƙar Kirista mai tsanani da ake kira Peculiar People. Sai da ya manyanta sosai ya haɗu da mahaifinsa na jini, ɗan Kanada, ya tarar zuri'arsu tana danganta kanta da tsofaffin masu sarautar Bamburgh, wani gari mai ganuwa a kan dutse a bakin tekun arewa maso gabashin Ingila. Bamburgh ɗin ita ce Bebbanburg. An yi wani Uhtred na gaske a gidan, wanda aka kashe a 1016, amma na littafin an jawo shi baya ne zuwa zamanin Alfred. Idan ka san wannan, ba za ka yi mamakin yadda labarin ke ta komawa kan yaron da ya tashi a gidan da ba nasu ba, da kuma yadda Uhtred ba ya raga wa limaman coci.

Abin da ya sa na dage a kan littafin farko shi ne, duk basussukan da za a yi ta biya har littafi na 13 a can aka ci su. Yaron ma ba Uhtred ne sunansa na yanka ba, Osbert ne, ɗa na biyu. 'Yan Denmak suka kashe wansa, uban ya ce to daga yau kai ne Uhtred, aka sake yi masa baftisma. Ba a jima ba uban ya mutu a yaƙin York, yaron ya zaro takobi ya yi kan wani jarumin 'yan Denmak mai suna Ragnar, abin ya ba Ragnar dariya, ya ɗauke shi ya tafi da shi gida. Baffansa kuma, ƙanen ubansa Aelfric, ya haye gadon Bebbanburg ya fi son a ce yaron ya mutu. A gidan Ragnar ya koyi harshensu da gumakansu da faɗansu, ya zama idon tsohon makaho Ravn, mahaifin Ragnar, yana zaune kusa da shi yana faɗa masa abin da ke faruwa. A nan ya san Brida, a nan gabar da ke tsakanin gidan Ragnar da wani Kjartan ta samo asali. Wanda bai zauna da yaron a wannan gida ba, ba zai taɓa fahimtar dalilin da ya sa babban mutum zai yi shekaru yana kashe mutanen da zuciyarsa take wajensu ba. Abin da ya same ni ke nan da Sword Song. Ina ganin tabo, ban ga ranar da aka yi raunin ba.

Sai batun rantsuwa, wanda shi ne ƙashin bayan jerin gaba ɗaya. A zamanin, mutum zai durƙusa gaban ubangidansa ya yi caffa, ubangidan ya ba shi awarwaron azurfa ko zinare da gona da kariya, shi kuma ya ba da takobinsa. Bahaushen da ya san barantaka ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Alkawari kaya ne, kuma Alfred na Cornwell gwani ne wajen ɗora wa mutum kayan. Misali guda daga littafin farko: an yi wa Uhtred tayin auren wata 'yar gida mai gonaki, Mildrith, ya ga banza ta faɗi, sai bayan an ɗaura ya gano gonakin suna ɗauke da bashin coci mai nauyin da ba zai iya biya ba. An ɗaure shi da Wessex ke nan ba tare da igiya ba. Haka ake ta yi. Da zarar ya kusa kuɓuta ya nufi arewa neman gadonsa, sai wata sabuwar rantsuwa ta riƙe masa ƙafa. Kowace rantsuwa a kan ta baya take zaune, shi ya sa tsallake littafi ɗaya kamar zare tubali ne daga ƙasan gini.

Akwai kuma wani dalili na yau da kullum da ba a cika faɗa ba: sunaye. Gidan sarautar Wessex kusan kowa da Aethel yake farawa, kalmar da ke nufin mai daraja. Akwai Aethelred wan Alfred, akwai wani Aethelred daban mai riƙon Mercia, akwai Aethelwold ɗan wan Alfred da ke ganin shi ya cancanci sarauta, akwai Aethelflaed 'yar Alfred, akwai Aethelstan jikansa, kuma don a ƙara dagula lissafi, shugaban 'yan Denmak Guthrum da aka yi masa baftisma shi ma Aethelstan aka raɗa masa. Mu da muke tara Muhammadu biyar a gida ɗaya mun yi dabara, muka ce Sani, Salisu, Rabi'u. Su ba su yi ba. Idan ka faro daga tushe, ɗaya bayan ɗaya za su riƙa shigowa har ka san fuskar kowa. Idan ka faɗo ta tsakiya, gaba ɗaya za su taso maka. Garuruwan ma da tsohon rubutunsu ya kira su: Landan ita ce Lundene, York ita ce Eoferwic, Winchester ita ce Wintanceaster, Durham ita ce Dunholm. A farkon kowane littafi akwai taswira da jerin waɗannan sunaye, kada ka wuce su da sauri. Bayanin tarihin da yake sawa a ƙarshen littafi kuwa, a bar shi sai an gama, don yana tona yadda yaƙin ya ƙare. A nan ne yake faɗin inda ya bi tarihi da inda ya murɗa shi, har ya amsa cewa ya ɓata Aethelred na Mercia fiye da abin da hujja ta nuna.

To wanda ya kalli fim ɗin fa? The Last Kingdom na talabijin ya fara a BBC a 2015, daga baya Netflix ta karɓe shi, ya yi zango biyar, kashi 46, ya ƙare a 2022, sannan aka rufe da fim ɗin Seven Kings Must Die a 2023. Kowane zango yana cin kusan littafi biyu, don haka sai mutum ya yi lissafi: na kalli zango biyar, bari in ɗora daga littafi na 11. Wannan lissafin ba ya fita. Tun daga wajen zango na uku hanyoyin suka fara rabuwa, zuwa na biyar kuwa sunaye ne suka rage iri ɗaya, amma wanda ya mutu a can yana iya zama da ransa a nan. Ko a farkon ma, yarintar Uhtred da ta ci babban kaso na littafin farko, kashi ɗaya aka tattara ta a fim. Babban abin da kyamara ba ta iya ɗauka ba shi ne murya. A littafi tsoho ne ke magana da bakinsa, mai cika baki, mai ba'a, mai riƙo, irin tsohon mafaraucin da in ya fara ba ka labarin dawa sai ya haɗa da kirarin kansa. Yakan tsaya a tsakiyar labari ya zagi mawaƙan da suka ƙara gishiri a yaƙin da shi ya san tsoro ne da fitsari da laka. Yakan kuma maimaita wata magana ta tsohon Turanci, Wyrd bið ful aræd, wadda aka ɗauko daga wata tsohuwar waƙa, ma'anarta ƙaddara ba ta da makawa. Rabin daɗin karatun a wannan muryar yake.

Yanzu ga tarkon sunaye, wanda mai saye daga nesa ko ta intanet ya fi faɗawa. Jerin nan ya sha suna: The Saxon Stories, The Saxon Tales, The Warrior Chronicles, sannan bayan fim ya yi tashe aka koma buga shi da The Last Kingdom Series. Duk abu ɗaya ne. Amma akwai The Warlord Chronicles, wanda harafi kaɗan ya raba shi da ɗaya daga cikin sunayen can, alhali wani jeri ne daban mai littafi uku a kan Arthur, jarumin tsohuwar almarar Birtaniya: The Winter King na 1995, Enemy of God na 1996, da Excalibur na 1997. Sannan littafin ƙarshe na Uhtred sunansa War Lord. Ka ga inda mutum zai aika a sayo masa na farko a kawo masa na ƙarshe.

Wasu kan ba da shawarar a fara da na Arthur ɗin, tunda labarinsa ya girmi na Alfred da kusan shekara 400, kuma a cikinsa Saksonawa ne baƙin da ke ƙwace ƙasa daga hannun 'yan asali. Akwai daɗi a ganin yadda reshe ya juye da mujiya, waɗanda suka zo da mamaya jiya su ne ake mamayewa yau. Mai ba da labarin can ma, Derfel, Basaksone ne da ya tashi a hannun abokan gabar mutanensa, kamar dai an gwada ɗinkin Uhtred ne a jikinsa tukuna. A ganina ma rubutun can ya fi tsauri da kyau. Amma babu mutum ɗaya da ya tsallako daga wancan jeri zuwa wannan, don haka ba sharaɗi ba ne. Haka Uhtred's Feast na 2023, wanda girke-girken zamanin ne haɗe da gajerun labarai. Wannan ɗan taɓa-ka-lashe ne na bayan an ƙoshi.

Saura tambayar da ta fi amfani ga mai ƙarancin lokaci ko kuɗi, wato inda za a tsaya. Ni a karatuna jerin yana da mashaya uku.

Littattafai uku na farko dunƙule ɗaya ne. The Pale Horseman na 2005 shi ne zuciyar tarihin: a watan Janairun 878 Guthrum ya yi wa Alfred dirar mikiya a Chippenham cikin tsananin sanyi, sarki ya tsere ya ɓuya a fadamar Athelney da 'yan tsirarun mutane, masarautar Saksonawa ta ƙarshe ta koma 'yan bukkoki a cikin ruwa da ciyawa. Daga wannan fadama ya tara mutane ya ci yaƙin Edington a watan Mayu na shekarar. A nan za ka ga abin da Cornwell ya fi kowa iyawa, wato katangar garkuwa: maza kafaɗa da kafaɗa, garkuwa a kan garkuwa, ana turereniya, doguwar takobi ba ta da amfani sai gajeriya da ake sokawa ta ƙasa. Idan ka kai ƙarshen wannan littafi bai kama ka ba, ka haƙura, sauran ma ba za su kama ka ba. The Lords of the North na 2006 kuma ya mai da Uhtred arewa don biyan bashin gidan Ragnar, kuma a nan ya samo mutanen da za su raka shi har tsufa, musamman Finan ɗan Ailan da Sihtric. Wanda ya tsaya a nan ya karanta cikakken labari.

Mashaya ta biyu ita ce littafi na 6, Death of Kings na 2011. Tsakanin nan akwai Sword Song na 2007, kan ƙwato Landan, da The Burning Land na 2009. Wannan ne zamanin da Alfred ke gina garuruwa masu ganuwa sama da 30 a faɗin ƙasarsa, ta yadda duk inda hari ya faɗo talakawa suna da wurin gudu kusa, dabarar da ta karya lagon mahara fiye da kowane yaƙi guda. Alfred ya rasu a 899, kuma zaman da suka yi da Uhtred dab da rasuwar yana cikin wuraren da suka fi taɓa ni a jerin duka. Mutum biyu da suka shafe shekaru ba sa shiri, kowa ya san ba don ɗayan ba da bai kai inda ya kai ba. Wannan zama ba zai yi maka nauyin komai ba in ba ka taho da su tun daga auren Mildrith ba.

Daga The Pagan Lord na 2013 zuwa The Flame Bearer na 2016, da The Empty Throne da Warriors of the Storm a tsakani, labarin ya koma hannun 'ya'yan Alfred, Edward da Aethelflaed. Ita wannan mata ta gaske ce, ta mulki Mercia daga 911 har rasuwarta a 918, tana gina ganuwa tana tura runduna, kuma Cornwell ya yi mata adalcin da littattafan makaranta suka daɗe ba su yi mata ba. Tambayar Bebbanburg da aka buɗe a shafin farko na littafin farko, a littafi na 10 ake amsa ta. Wannan ce mashaya ta uku, kuma da yawa a nan suke sauka.

Ba zan ɓoye ba, a wajen nan mutum ya riga ya haddace salon: Uhtred zai saɓa da limamai, a kore shi, abokan gaba su taso, a dawo ana lallashinsa, ya ci yaƙi da wata dabara. War of the Wolf na 2018 da Sword of Kings na 2019 sun ɗan ja ƙafa a wajena. Kuma mai shirin shiga ya sani akwai jini sosai, akwai kamun bayi da cin zarafin mata irin na yaƙin zamanin, akwai baƙar magana a kan malaman coci, ko da yake wasu daga cikin mutanen kirki na labarin, irin su Beocca da Pyrlig, limamai ne. Ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne.

Wanda ya jure kuwa, War Lord na 2020 zai kai shi Brunanburh a 937, inda Aethelstan, jikan Alfred, ya fuskanci haɗakar sarkin Dublin Olaf, da Constantine na Sikotlan, da Owain na Strathclyde, ya kuma yi nasara. Masana tarihi har yau suna gardamar inda filin yaƙin yake, Cornwell dai ya ajiye shi a yankin Wirral kusa da Liverpool. Ana ɗaukar wannan rana a cikin ranakun da suka tabbatar da Ingila a matsayin ƙasa ɗaya, abin da Alfred ya yi ta mafarki bai gani ba. Aethelstan ɗin nan tun yana ƙaramin yaro mai karatu ya san shi a littattafan tsakiya, ana neman hallaka shi, Uhtred na ɓoye shi yana koya masa riƙon takobi.

Ni sai da na koma na nemo The Last Kingdom, na bi su a jere, na sake karanta Sword Song a gurbinsa na huɗu. Shafuka hamsin ɗin da suka gagare ni a karon farko, a zama ɗaya na wuce su, ina dariyar ba'ar Finan tunda yanzu na san inda suka haɗu. Kwafin mai yagaggen bango yana nan a kan kanta, na rubuta lamba 4 da biro a gefensa saboda wanda zai ara.